Mutumin Da Ya Mayar Da Mu Gida

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba na danna wayata na aika saƙon da ya jawo duk abin da zan faɗa a nan. Na san lokacin ne domin ni mutum ce mai duba agogo kafin ta yi komai. A lokacin ina aji biyu a wata kwaleji, ina zaune gidan gwaggona a Funtua, shekaruna ashirin da ɗaya. Ba ni da ƙawaye da yawa, ba na ɗaga hannu a aji ko da na san amsa, in kuwa babban mutum ya yi mani magana, ƙasa nake kallo har ya gama. Abin da bakina ya kasa faɗi, biro ke faɗa mani shi. Malamaina na yabon tsaftar rubutuna da yadda ba na barin kuskure ya wuce, ni kuma har cikin raina ina jin wannan shi ne abu guda da na fi kowa. Edita, ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba, kuma ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

Ƙauyenmu na can ciki da hanyar Dayi. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, Yayana ne ya riƙe gidan da gonar. Wanda ya koya masa riƙon garmar shanu maƙwabcin gonarmu ne, abokin mahaifinmu tun suna samari, muna kiransa Baffa. Bamaguje ne, bai bar addinin kakanninsa ba, amma ban taɓa ganin wannan ya hana a miƙa masa tuwo ta kan danga ko ya hana shi zuwa mana suna da jana'iza ba. Injin casa ya taɓa cinye masa yatsu biyu a hannun dama, kuma kullum yana sanye da wata tsohuwar malafa da ya ɗinke gefenta da jan zaren buhu. Da kakar shekarar da zan shiga kwaleji, Yaya ya kira gayyar karyar masara. Mu mata muka ɗauko kunu da tuwo, ni da Inna da matar Yaya da wasu maƙwabta, muka nufi gona. Ƙarfe goma da minti arba'in muka haɗu da Baffa a mashigin rafi, yana haki. Ya ce mu koma, aiki ya kusa ƙarewa, a gida za a ci abincin. Inna ta yi ta mita wai an sa ta dama kunu tun safe don a maida ita gantalalliya, shi kuwa ya ce ta yi haƙuri, in ya huce shi zai shanye ƙwaryar duka. Muka juyo. Sha ɗaya da minti biyar, muna shiga gari, muka ji harbi. Da azahar Baffa ya shigo gidanmu goye da Yaya a bayansa, rigarsa ta jiƙe har ƙugu. Mutum uku 'yan bindiga suka kashe a gonar nan, Yaya da wasu samari biyu 'yan gayya.

Ban yi kuka yadda mata suka yi ba. Littafi na saya mai baƙin bango, na shiga rubuta ranar daga asuba har binnewa. Na kafa wa kaina doka: ba zan rubuta abu a matsayin gaskiya ba sai mutum biyu sun faɗa mani shi iri ɗaya. Mutum goma sha ɗaya na bi na tambaya a hankali, galibinsu mata da sa'o'ina. Na rubuta inda amalanken shanu ya tsaya, da tsamiyar da ke kan iyaka, da ta wane gefe babura suka ɓullo, da wanda ya gudu ta cikin dawa da wanda ya kwanta a kwari. Mutum ɗaya ne ban tambaya ba, shi ne Baffa. Kunyarsa nake ji, ban san ta inda zan fara yi wa dattijo tambaya kamar 'yar sanda ba. Ga masu gaisuwa da suka tambaye shi, abin da ya ce kawai hankalinsa ne bai kwanta ba ranar. Saboda haka a ƙarƙashin layin da na rubuta cewa ya mayar da mu gida, na sa kalmomi biyar: dalili, ba a sani ba. Har na ja layi a ƙarƙashinsu, ina jin daɗin cewa ban ƙara komai daga kaina ba.

A gidan Gwaggo akwai wani shiri mai dogon zango da ake kallo duk Lahadi bayan la'asar, labarin 'yan bindiga da masu farautarsu. Falo kan cika, har maƙwabta ke shigowa. Ni kuwa ina zaune a lungu jinina na tafasa. Ƙauyen da suke nunawa gidajensa da ƙofofin ƙarfe masu fenti, ko makaho ya san bayan birni aka je aka ɗauka. Ana cewa lokacin girbi ne, ga masara kore shar ko gemu ba ta fitar ba. A kira jami'an tsaro su iso cikin minti goma bisa kwalta, alhali mu in ruwa ya sauka ko babur sai an tura shi. A harbi mutum a ƙirji ya kwanta a cinyar matarsa ya yi wasiyya ta minti biyar, jini na zuba kamar zoɓo, ita kuma tana kuka da jan baki da gashin ido. Shugaban ɓarayin kuwa sanye da baƙin tabarau da takalmi mai sheƙi, yana magana irin ta samarin birni, ana buga masa kiɗa in ya shigo. 'Yan matan gidan har ihu suke yi in ya bayyana, ɗaya ma ta sa hotonsa a fuskar wayarta. Ni na san harbi daga nesa kamar fasa busasshen kara yake, babu kiɗa, kaji ma ba su fasa tsince-tsincensu ba. Na san wanda aka harba a nan wurin ba ya wasiyya. Na san matar Yaya ba ta yi kuka ba sai da aka kwana biyu, zama kawai ta yi da murfin kwano a hannu. Ina ganin an ɗauki mutuwar mutanenmu an yi mata kwalliya ana sayar wa masu cin gyaɗa a falo.

Wata uku ina rubuta kura-kuransu, har suka kai talatin da ɗaya. Su ne na jera na aika wa lambar da suke sawa a ƙarshen shiri, ranar Larabar nan. Ban zaci za a amsa ba. Kwana biyu sai ga kira daga mai rubuta shirin da kansa. Ya ce Malama, tun da suka fara ba su taɓa samun mai kallo irina ba, ya karanta saƙona sau uku, kunya ta kama shi. Ya ce shi ɗan birni ne, bai taɓa kwana a ƙauye ba, in ba irinmu muka taimaka ba ta yaya duniya za ta san abin da ake yi mana? Wallahi wannan maganar ta shige ni. Ban taɓa jin wani babba ya kira ni Malama ba. Na ba shi labarin littafina, ya roƙi ya gani, ya rantse zai canza sunaye. A zaune ɗaya na ɗauki hoton shafi arba'in da biyu na tura masa. Ban tambayi Inna ba, ban tambayi matar Yaya ba, ban tambayi ko ɗaya cikin mutum goma sha ɗayan da suka ba ni labarinsu don sun ɗauka ni tasu ce ba. Bayan mako ya sake kira da tambaya guda: wannan dattijon mai yatsu uku, me ya sa ya mayar da mata? Na ce ban sani ba, ai na rubuta. Ya yi wata 'yar dariya ya ce to madalla.

Ba zan ɓoye ba, da zango na biyu ya fara, daɗi na ji. Sun je ƙauye na gaske. Ga bukkoki, ga rumbuna, ga masara busasshiya a tsaye tana jiran karya. An daina kiɗa lokacin harbi. An nuna mace zaune da murfin kwano a hannu ba ta kuka, falon Gwaggo ya yi tsit. Mutane na ta cewa yanzu shirin ya zama gaskiya, ni ina lungu ina murmushi ni kaɗai. A fitowa ta shida aka nuna gayya. Ga amalanke a inda na ce, ga tsamiya a kan iyaka. Sai ga wani dattijo da malafa ɗinke da jan zare, hannunsa na dama yatsu uku. Ya tari mata a bakin rafi, ya ce su koma a gida za a ci, har da barkwancin shanye ƙwaryar kunu, kalma da kalma yadda na rubuta. Da matan suka juya, sai ya laɓe bayan tsamiya, ya ciro waya daga cikin malafar, ya ce hanya ta yi kyau, ku shigo. Suka rataya masa layu har wuya, suka ajiye masa tulun burkutu a ɗaki don kowa ya gane ko wane ne. Ba su tsaya nan ba. Sun nuna shi ya goyo gawar saurayin zuwa gida yana kukan ƙarya, da ya juya baya kyamara ta matso kusa da fuskarsa yana murmushi. Ina jin wata maƙwabciya tana cewa Allah ya tsine wa irin wannan tsoho, na tashi na bar falon.

Ba a yi mako guda ba shirin ya isa gida. Masu cajin waya a Dayi da Malumfashi suna tura wa mutane shirye-shirye a waya, kuma wannan fitowar kowa ya nema. Sunaye an canza, amma wa ke bukatar suna? Mutum nawa ne a yankin ke da yatsu uku da malafa mai jan zare? Mutanen da suka ga tsamiyarsu da rafinsu da maganar da aka yi a gabansu daidai, suka ce ashe masu shirin sun yi bincike, in duk wannan gaskiya ne to wayar ma gaskiya ce. Baffa bai taɓa riƙe waya ba a rayuwarsa, in za a kira ɗiyarsa sai an danna masa an kara masa a kunne. Aka ce ai ɓoyewa yake yi, ba ku ga a malafa take ba? Waɗanda jiya suke cin gyaɗarsa suka tuna cewa dama ba ya salla. Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da kalmar infoma, wato mai tsegunta wa 'yan bindiga, ke jawo wa mutum. Wata safiya 'yan sa-kai suka je gidansa, suka zazzage rumbunsa, suka yayyaga malafar suna neman waya, suka ɗaure shi a gindin bishiya suka yi ta duka. Da liman da mai gari ba su iso da wuri ba, da ba wannan labarin nake rubutawa ba. An sake shi bisa sharaɗin ya bar garin kafin kwana uku. Ya tafi da matarsa da tabarmi da tukwane a kan amalanke, ya bar gonar da kakansa ya share, dawarsa na tsaye ba wanda ya yanka.

Na kira mai rubuta shirin. Ni da ba na iya ɗaga murya, ranar har Gwaggo ta leƙo. Ya bari na gama, sannan ya ce haba Malama, ai fim ne, ba ki ga rubutun da muke sawa a farko ba cewa labarin ƙirƙira ne? Na ce mutanen ƙauyenmu nawa ne ke karanta rubutun da ke wucewa cikin daƙiƙa biyu? Ya ce da mun yi ƙarya kin yi fushi, yanzu mun yi gaskiya kin yi fushi, ke me kike so? Ya ce labari ba ya tafiya sai da maci amana, kuma ni da kaina na bar masa gurbi da na rubuta ba a san dalili ba, shi cikewa kawai ya yi. Har ya ƙara da cewa wa ya sani ma ko ya dace da gaskiya. Na roƙe shi ya fito ya faɗa wa duniya cewa wayar daga kansa ya ƙago ta. Ya ce zai tattauna da abokan aiki. Washegari lambata ta daina shiga. Har yau shirin na nan, ana yabonsa cewa babu wanda ya kai shi nuna zahiri. Duk lokacin da na ji wannan yabo sai in ji kamar in fasa talabijin ɗin.

Na je gida na durƙusa gaban Inna na faɗa mata ni ce na bayar. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Kwana huɗu ba ta yi mani magana ba. Ita ce ta tsaya a ƙofar mai gari tun farko tana cewa mutumin da ya goyo mata ɗanta ba zai sayar da shi ba. Amma a rana ta biyar, muna tankaɗe, sai ta ce da ni a hankali ba tare da ta kalle ni ba, wai ni da na yi karatu, ta yaya dai ya san ya mayar da mu? Nan na gane iyakar ɓarnar. Sun shiga har cikin zuciyar matar da ta san shi shekara arba'in. Kuma in faɗi gaskiya, ni ma tambayar ta kwana a raina.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa nake rubuto maku. A da ina ganin babu laifin da ya kai a nuna ƙauyenmu ba daidai ba. Ashe wancan shirin na farko mai jinin zoɓo da baƙin tabarau, duk da wulaƙancinsa, bai sa an taɓa kowa ba, domin ba wanda ya yarda da shi. Ni ce na ba su tsamiya da malafa da barkwancin kunu, suka jera gaskiya tara suka saka ƙarya guda a tsakiya, ta wuce ba wanda ya tare ta. Ku masu kallo, in kun ga shiri ya yi kama da garinku har kuna nuna gidan wane, wannan ba shaida ba ce cewa abin da ya faɗa kan wane gaskiya ne. Ku masu shiryawa, rubutun nan da kuke sawa a farko ba ya tare sanda a bayan kowa, kuma akwai ranar da za a tambaye ku. Ku kuma 'yan uwana ɗalibai masu son rubutu, labarin da aka ba ku a zaman makoki amana ce, ba naku ba ne don kawai ku kuka rubuta shi da kyau. In kuma akwai mutum ɗaya da kuke jin nauyin tambaya, to shi ne ya kamata ku fara tambaya. Wannan karon sai da na karanta wa Baffa da matar Yaya wasiƙar nan daga farko har ƙarshe suka amince kafin na aiko. Inna kuwa ta rasu da daminar bara, Allah ya jiƙanta, shi ya sa bakina ya buɗe.

Sai da na yi wata biyar bayan korarsa kafin na sami ƙarfin zuwa wurinsa. Yana wajen Maska a gidan mijin ɗiyarsa, yana ƙwadago a gonakin mutane, mutumin da ya taɓa riƙe shanun noma huɗu. Na same shi a gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya, kansa babu malafa, hannun hagu bai miƙewa sosai tun dukan. Ya gane ni daga nesa, ya ce a'a, ɗiyar abokina, ke ce da rana haka, ya Innarki? Na durƙusa na faɗa masa komai, na ajiye littafin a gabansa. Ya juya shi da yatsunsa uku, ya ce ashe wannan ɗan abin ne ya fi ƙarfin shanunsa. Ya tambaye ni mutum nawa na tambaya, na ce goma sha ɗaya. Ya ce gidansa da namu danga ce kawai a tsakani. Sai na yi masa tambayar da ya kamata in yi shekaru uku da suka wuce.

Ya ce ranar shi da Yaya ne a ƙarshen gona suna loda amalanke, iska ta taso daga yamma, Yaya ya dafa masa hannu ya ce Baffa, kana ji? Ƙarar babura ce, da yawa, amma can nesa. Shi Baffa ya ce a kwance shanu a gaya wa kowa ya watse. Yaya ya ce sau biyu a watan nan ana gudu a banza, in gayyar nan ta watse ba zai iya sake tara mutane ba, ga shi saura lodi biyu kawai. Yaya ya ce da shi ya ruga ya tare mata kada su ƙaraso, kada kuma ya faɗa mana dalili mu firgita, su suna nan tafe bayansa. Baffa ya ce uwaye uku suka rasa 'ya'ya a gonar nan. Da ya buɗe baki, ko ranar gaisuwa ko ranar da aka ɗaure shi, da uwayen nan biyu ƙofar Inna za su kai kukansu, su ce ɗanki ya ji ya yi shiru saboda masara. Ya ce shi yana da ƙafar tafiya da ɗiyar da za ta karɓe shi, Inna kuwa ba ta da inda za ta. Ya tura mani littafin, ya ce kada in rubuta wannan muddin tana da rai. In kuma ranar ta zo, in rubuta duka, kada in rage wa yaron laifinsa, amma in sa shi yadda ya faru: kafin ya tuna da masarar, mu ya fara tunawa.